Ranar da Usta Nosrat Ya Ce To

Mijina Nosrat Kakavand mutum ne da in ka tarar da shi yana nutsewa a kogi ka miƙa masa igiya, sai ya ce maka, "A'a wallahi, kada ka wahalar da kanka." Ni Turan na zauna da shi shekara talatin da ɗoriya, don haka ba labari aka ba ni ba. Ta'arof, wato kara irin tamu, kowa yana yi a ƙasar nan, ni ma ina yi: a yi maka tayi ka ƙi, a sake ka ƙi, a na uku ka karɓa kamar an matsa maka. Amma na Nosrat ya wuce na mutane. A ƙauyensu, can cikin duwatsun Lorestan, baƙo ba ya zama sai an kama hannunsa an zaunar da shi da ƙarfi. Da wannan tarbiyyar ya shigo gari, kuma bai sauke ta ba har furfura ta fito masa.

Ranar da suka zo neman aurena, babana ya dube shi ya ce, "To, na ba ka Turan." Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? "Ban isa ba, Haj Agha, a ba wanda ya fi ni." Ina bayan labule da faranti a hannu, saura kaɗan in kwaɗa masa shi a ka. Yayana ne ya taka masa ƙafa, shi ya sa yau nake da miji.

Babansa mai gyaran tukwanen shayi ne da fitilu, saboda haka tun yana yaro hannunsa ya saba da tagulla da dalma. Ya shiga sojan sama a ƙarshe-ƙarshen yaƙin Iraƙi, yana siririn saurayi mai manyan kunnuwa, aka turo shi sansanin da ke bayan garinmu. Ba matuƙi ba ne, kada ku ɗauka. Makaniki ne, irin waɗanda ke kwanciya ƙarƙashin jirgi cikin sanyin da ke fasa leɓe su fito da hannu baƙi ƙirin. A can aka haɗa shi da wani ƙaton jirgin yaƙi mai kujera biyu, ƙirar Amurka, wanda aka saya tun kafin juyin juya hali. Ko a lokacin ba sabo ba ne. Ma'aikata suka laƙaba masa Bibi, wato Kaka, daga nan kuwa babu wanda ya ƙara ce mata "shi".

Waɗanda suka ƙera ta sun daina sayar mana da ko ƙusa, saboda takunkumi. Idan abu ya lalace a jikin Bibi, sai a je wajen wata 'yar'uwarta da ta riga ta kwanta a ciro nata a sa. In babu, a ƙera a nan gida, a gwada ya ƙi, a sake ƙerawa. Nosrat ya ga jirage da yawa sun ƙare haka a bayan rumfar jirage, ana gutsurar su kaɗan-kaɗan don sauran su tashi. Da haka ya zama Usta, babban makaniki, yara suna bin sa da sufana. Ni kuma na zama gwanar wanke baƙin mai, wanda babu wanda ya ba ni lambar yabo a kansa.

Matuƙa nawa suka hau Bibi? Wasu sun zama manya a Tehran, wasu sun yi ritaya sun buɗe shagon waya. Duk wanda ya hau, Nosrat ne ya ɗaure masa bel, ya dafa kafaɗarsa, ya sauko ya janye tsani. Sai ya tsaya ya ɗaga kai har ta ɓace. Bai taɓa ce mini yana son hawa ba, ko sau ɗaya. Amma ni ba makauniya ba ce. Na sha ganinsa a wajen biki ya tsare matuƙi a lungu yana tambayarsa yadda kunne ke yi a can sama da yadda gajimare yake ta ciki, idonsa na ƙyalli, tuwon bikin ma ya manta da shi. Abin yana ba ni tausayi har cikin raina.

Ran Juma'a abokan aikinsa sukan taru a tsakar gidanmu, su sha shayi da ƙwayar sukari a baki, su cika mini darduma da ɓawon gyaɗa, su gyara wa gwamnati sojan sama kyauta. Hirar ɗaya ce tun ina amarya.

"Jiragen Rasha za a kawo, an gama magana."

"An gama magana tun 'yarka tana rarrafe, malam, yanzu ga ta da goyo."

"Ni dai na ji na Sin sun fi sauƙin samu."

"Ka ji a ina? Wajen mai askinka?"

"Ku zauna nan kuna jiran jirgi mai matuƙi. Yara suna can suna ƙera marasa matuƙi a ɗakin da bai kai kicin ɗin Turan Khanom ba."

"To su ƙera wanda zai ɗauki surukata ya kai ta Mashhad, sai in yarda da su."

Kowane sabon kwamanda da nasa ra'ayin yake zuwa. Wani ya ce a ci gaba da faci, wani ya ce a jira sababbi, wani ya ce zamanin manyan jirage ya wuce. Nosrat bai cika sa baki ba. Da aka matsa masa wata rana, cewa ya yi, "Ku kawo na ko'ina ne. Ni dai na san Bibi ta gaji, kuma yaran da ke hawanta suna da iyaye." Daga nan aka koma hirar ƙwallo.

A shekarar da zai yi ritaya aka kawo Kanar Delavari, mutumin bakin teku, doguwar fuska, magana ɗaya. Shi ne ya samo amincewar manya a sauke Bibi daga aiki, a ɗora ta kan siminti a bakin ƙofar sansani, ma'aikatanta kuma a raba su, wasu wajen marasa matuƙi, wasu wajen sauran jiragen da ke da sauran kwana. Aka sa ranar Alhamis don tashinta na ƙarshe, aka gayyaci iyalai.

Ana saura mako guda, Nosrat ya dawo da la'asar ya zauna a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Agha Nosrat, lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Khanom." Haka yake kirana, wato uwargida.

"To me ya faru?"

"Babu komai."

Sai da na tsaya a kansa da ludayi kafin maganar ta fito, guntu-guntu. Ashe Kanar ya nemo izinin a sa mutum ɗaya daga ma'aikatan ƙasa, wato waɗanda ba sa tashi da jirgi, a kujerar baya ranar Alhamis. Ashe gwajin da likita ya yi wa Nosrat kwanakin baya, wanda muka ɗauka na ritaya ne, don wannan aka yi shi. Kanar ya kira shi ofis ya ce, "Usta, kujerar nan taka ce."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce wane ni, ranka ya daɗe."

"Ba laifi. Ya sake?"

"Ya sake. Na ce akwai manyana."

"Na uku fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce ina da jiri. Na ce ko rufin gida ba na iya hawa."

Jiri! Mutumin da ke yawo a kan fiffiken jirgi ƙanƙara na zuba, shi ne mai jiri! Kanar kuwa, da yake ba ɗan ƙauyensu ba ne, ya yi tayi sau uku kamar yadda kowa ke yi, ya ji maganar ciwo, ya ce Allah ya sawwaƙe, ba zai jefa dattijo cikin hatsari ba. Manjo Sabzevari mai kula da sito yana zaune a ofishin. Nan take ya ce shi zai sadaukar da kansa ya wakilci ma'aikatan ƙasa.

"Nosrat, don girman Allah, me kake jira da ka ƙi na uku?"

"Jira nake ya kama hannuna."

"Ya kama hannunka! Kanar guda ya zagayo tebur ya kama hannunka? Kai amarya ce?"

Na ce gobe da sassafe ya koma ya ce ya yi kuskure. Ya rantse gara ƙasa ta haɗiye shi da ya lashe abin da ya faɗa a gaban Kanar. Na ce to ni zan je. Ya ce in na je, ba zai ƙara iya ɗaga ido a garin nan ba. Sai ya tashi ya shiga ɗaki ya juya fuska bango. Wallahi haushinsa ya cika ni, amma tausayinsa ya fi yawa, domin na san in Alhamis ta wuce shi ke nan, Bibi ba za ta ƙara tashi ba, shi kuma babu wani jirgin da za a ce ya hau.

Ina tsintar shinkafa dabara ta faɗo mini. Manjo Sabzevari na san shi, na san matarsa. Ba mugu ba ne, ya sha shan wahala wajen nemo wa su Nosrat kayan gyara. Sai dai akwai son hoto da son jawabi, ga turare kamar an yi ɓarinsa. Irinsa ba zai taka tsanin nan ba sai ya yi tayi a gaban jama'a, don a ce ya san girman manya. Kuma da kwanciyar hankali zai yi, tunda duk sansanin an san Usta ba ya karɓa. Aikina kawai in koya wa tsoho cewa "to" kafin Alhamis.

Washegari da safe na miƙa masa shayi.

"Bari, Khanom, sha naki tukuna."

Na ce madalla, na shanye nawa, na shanye nasa, na wanke kofuna. Ya bi ni da kallo.

Da rana na dafa shinkafa da miyar ganye, ƙanzon ya fito ja-ja-wur, irin wanda yake mutuwa a kansa. Na tura masa.

"A'a, ki ci, ni na ƙoshi."

Na jawo farantin na zauna a gabansa na cinye, ina ƙurus-ƙurus da gangan.

"Khanom, wai me na yi miki?"

"Babu komai. Daga yau a gidan nan sau ɗaya ake tayi. Ka ce to ka ci, ka ce a'a ka kwana da yunwa."

"Haba, wannan ai rashin tarbiyya ne!"

"Tarbiyyar ce ta ba Manjo kujerarka."

Na gaya masa abin da nake hange. Ya kama kunnuwansa ya ce shi ba zai iya ba, ai kunyata mutum ne a bainar jama'a. Na ce wanda ya yi tayi shi ya jawo wa kansa. Muka ci gaba da haka. Bakinsa ya riga ya saba, "a'a" tana fitowa tun kafin ya yi tunani, sai ya ga faranti yana tafiya. Ya rame a 'yan kwanakin nan, maƙwabta har sun fara tambayata ko ba shi da lafiya. Ana jibi Alhamis na yanka kankana na miƙa masa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya yi gumi, sannan ya ce "To" can ƙasa-ƙasa kamar mai satar magana. Ya ci yanka huɗu bai dube ni ba.

Alhamis ta zo da rana tas da iska mai sanyi. An jera kujeru a gefen rumfar jirage, mata da yara a gefe ɗaya, ga masu badujala, ga mai ɗaukar hoto. An wanke Bibi tana ta ƙyalli, sai dai duk wankin bai ɓoye facin da ke jikinta ba. Matuƙin da zai ja ta, Kyaftin Kiumars, yaro ne da ta girme wa nesa ba kusa ba. Nosrat yana tsaye a gindin tsani da tsofaffin kayan aikinsa, domin shi ne zai ɗaure wa Manjo bel. Sai ga Manjo ya fito cikin kayan matuƙa, zif ɗin ya tsaya a kan tumbi ya ƙi gaba, hular kwano a hammata.

Kanar ya yi gajeren jawabi. Manjo ya yi dogo. Da ya gama, ya taka zuwa tsani, ya tabbatar mai hoto yana kallonsa, sannan ya juya ya miƙa wa Nosrat hular da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Usta, wallahi ina jin kunya. Kai ka raine ta, kai ka fi kowa cancanta. Bismillah, ka hau a maimakona."

Na ga hannun Nosrat ya tafi ƙirjinsa, na ga kansa ya fara sunkuyawa, na ga bakinsa ya buɗe yadda yake buɗewa in "a'a" za ta fito. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Nosrat! Ƙanzo!"

Duk filin ya waiwayo. Matar da ke kusa da ni ta ja gyalena, ta zaci na zautu. Nosrat ya rufe baki, ya sa hannu biyu ya kama hular.

"To. Na gode, ranka ya daɗe."

Ko masu badujala sun saki baki. Manjo bai saki hular ba. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma idonsa ya fara neman taimako.

"Usta, wato, ina nufin…"

"Allah ya ƙara girma," in ji Nosrat, yana ja.

"Amma jirin naka fa?"

"Ya warke."

"Yaushe?"

"Yanzun nan."

Kanar Delavari, wanda tun zuwansa babu wanda ya ga haƙorinsa, ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Manjo, an yi tayi an karɓa, ga shaidu cike da fili. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma izinin tun asali da sunansa aka nemo shi. Cire kayan." Makanikai suka ɓarke da sowa, wani ya jefa hularsa sama ta faɗa kan mai ganga. Sai shi ma Manjo dariyar ta ƙwace masa. Ya rungume Nosrat ya sumbace shi a kumatu ya ce, "Ka cuce ni, Usta, amma na halatta maka." Tun daga ranar nake aika wa matarsa kayan lambun da na jiƙa a ruwan tsami duk kaka.

Aka shigar da shi ciki aka sa masa kayan da suka yi masa daidai, Kyaftin Kiumars ya maimaita masa abin da zai yi in an samu matsala, abin da shi Nosrat ya fi shi sani amma ya saurara da ladabi. Ya hau tsanin a hankali. Yaran aikinsa biyu suka ɗaure masa bel, yana ta gyara musu, har ɗayan ya ce, "Usta, yau kai fasinja ne, ka yi shiru." Suka sauko suka janye tsanin. Gilashi ya rufe, injuna suka ɗauka, ƙasa ta fara rawa.

A al'adarmu ba a barin matafiyi ya tafi ba a zuba ruwa a bayansa ba, ni kuwa ba ni da kwano, sai gorar ruwan da aka raba mana. Na ruga har bakin igiyar da aka tare mu da ita na juye ta a kan kwalta ina addu'a. Bibi ta gangara titi, ta tsaya, ta yi wata irin kururuwa, ta zabura, sai ga ta a sama da hayaƙinta baƙi a baya.

A nan ne tsoro ya kama ni. Na san matan da suka zo filin nan da miji suka koma babu. Na tuna rabin abin da ke cikin jirgin nan aro ne daga matattun jirage, kuma ni da bakina na tura shi. Na durƙushe a wurin. Sai na ce wa kaina, ke Turan, duk ƙusar da ke jikinta hannun wa ya ɗaure? Ya ɗaure wa 'ya'yan mutane sun dawo, nasa ne zai kwance? Na miƙe na gyara gyale.

Can sai ga ta ta dawo ƙasa-ƙasa ta bi ta kanmu, ƙarar ta shiga har cikin haƙora. Tana wucewa ta karkata fiffike dama, ta karkata hagu, a ɗan karkace, ba irin na gwanaye ba. Wani tsohon matuƙi da ke bayana ya yi ihu, "Wannan ba hannun Kiumars ba ne! Wallahi Usta ne ke riƙe da ita!" Filin ya kece. Dattawan Juma'a masu Rasha da Sin da marasa matuƙi duk suka rungume juna suna tsalle. Ni kuma na rangaɗa guɗa a gaban Kanar da kowa, ban ji kunyar komai ba. Mijina ne a can sama, ɗan mai gyaran tukwanen shayi, kuma daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba.

Ta sauko lafiya, lemar birkinta ta buɗe a baya, ta gangaro ta tsaya a inda ta tashi. Aka kashe injuna, kuma kowa ya san ba za a ƙara tayar da su ba. Kyaftin Kiumars ya sauko. Nosrat ya daɗe a zaune, gilashi a buɗe, babu wanda ya ce masa ya yi sauri. Da ya sauko fuskarsa ta yi fari fat, shatin hular a goshinsa. Ya sara wa Kanar, ya wuce mai hoto, ya taho kai tsaye wajen igiyar inda nake.

"Khanom," ya ce, muryarsa a dishe, "duk shekarun nan ina tura mutane can, ban san abin da nake ba su ba. Ashe haka yake. Ashe abin kirki na yi da rayuwata."

Sai kuka ya ƙwace masa, ni ma na taya shi, a gaban sojoji da matansu. Da muka gaji ya miƙo mini hular ya ce in riƙe masa, ya zagaya bayan motar kashe gobara ya yi amai, ya wanke fuska, sannan ya dawo ya tambaye ni me na dafa.